Asusun Da Sailuba Ba Ta Buɗe Ba

Shafi na 14

Mutanen gidan nan, na ga saƙonninku duka. Wadda ta ce in ban ɗora yau ba za ta biyo ni har Bukan Sidi ta ƙwace wayar, ki adana kuɗin okadarki, ga shi nan. Masu cewa Sailuba ta cika sanyi kuma, ku karanta wannan tukuna.

*

Kwana goma ke nan Sailuba ba ta taɓa kwarashi ba. Tun ranar da aka kawo mata takardar ofishin haraji har cikin makarantar da take koyarwa, aka miƙa mata a gaban hedimasta da malamai uku, jakar da ta fara saƙa wa wata amarya tana nan kan kujera yadda ta bar ta.

Ita dai malamar aji huɗu ce a firamare. Saƙa kuwa sha'awa ce tun tana sakandare. Sai ta saƙa jaka ta ɗauki hoto ta ɗora a sitatus, wadda ta gani tana so ta turo kuɗi, a ba mai keke napep ya kai mata. Watan da ciniki ya yi kyau ta sayar da biyar. Amma takardar cewa ta yi akwai asusun banki da sunanta da sunan ɗan shagonta na waya, Saƙar Sailuba, kuma kuɗi sama da naira miliyan ɗari uku sun ratsa ta cikinsa a shekara biyu, ba ta taɓa bayyana ko sisi ba.

Kafin a tashi ranar labari ya gama makaranta. Yanzu in ta shiga ɗakin malamai sai a yi tsit, in ta juya baya ta ji ana cewa Madam Miliyan. Hedimasta ya ja ta gefe ya ce ta yi gaggawar wanke kanta kafin zancen ya kai sama, don shi ba zai tsaya wa kowa ba.

Ranar Laraba ta je ofishin harajin. Jami'in da fayil ɗinta ke hannunsa, Mista Iorchia, dattijo ne mai tabarau, Hausarsa irin ta mutanen Binuwai, mace da namiji duk "kai" ne a bakinsa. Bai yi mata tsawa ba. Ya tambaye ta littafin da take rubuta cinikin jakunkunan, ta ce ai ba kasuwanci ba ne, abin ɗebe kewa ne kawai, ba ta taɓa rubutawa ba.

Sai ya cire tabarau ya yi mata bayani a hankali. Ya ce duk wanda ya sayar da abu ya ci riba, a shago ne ko a waya, ko da don sha'awa yake yi, ribar nan kuɗin shiga ce, kuma so ake a bayyana ta tare da albashi. Ya ce da tana rubuta kuɗin zare da na keke da abin da ya rage mata, ƙila nata ba zai kai abin da zai hana ta barci ba. Amma yanzu ba jaka ce matsalarta ba.

"Madam, na duba takalminka, na san ba ka da miliyan ɗari uku. Amma ofis ba ya duba takalmi, takarda yake dubawa. Suna naka ne, BVN naka ne. Ka kawo mini wanda ya ci kuɗin nan. In ba ka kawo ba, kai ne ka ci."

Ya rubuta mata sunan bankin a 'yar takarda, ya ce sati uku ya rage mata ta kawo ƙorafinta a rubuce. Bankin kuwa, tunda aka haife ta ba ta taɓa taka ƙofarsa ba.

Yau Alhamis ta nemi izini a makaranta, ta ɗauki katin ɗan ƙasa ta nufi bankin a titin Jos. Ƙawarta Sewuese, malamar aji biyu, ita ta rako ta, amma mai gadi ya ce mutum ɗaya zai shiga, sai ta tsaya a gindin bishiya a waje.

Awa ɗaya da rabi Sailuba ta yi a layi. Da ta isa gaban ma'aikaciyar, wata yarinya mai fara'a, ta miƙa katinta ta ce tana son takardar shige da ficen kuɗi tun daga ranar da aka buɗe asusun. Yarinyar ta danna kwamfuta, ta ɗago ta dubi Sailuba, ta dubi hijabinta da ya sha wanki har ya koɗe, ta sake duban kwamfutar. Nan take muryarta ta canza, Anti ta koma Hajiya.

Shafi talatin da takwas injin ya fitar. Sailuba ta koma gefe ta fara bi da yatsa. Masu turo kuɗin duk 'yan kasuwa ne daga Kano. A gefen kowane turi akwai ɗan bayani.

Ridi buhu ɗari uku, Agyaragu.

Cikon tirela ta biyu.

Ridi fari, Agyaragu.

Mutum ɗaya ta sani a duniya da ke tara ridi a Agyaragu yana lodi zuwa Kano, shi ne Alhaji Mu'awiya, mijin yayarta Aminat. Duk da haka zuciyarta ta ƙi yarda. Ta koma shafin farko ta nemi ranar da aka buɗe asusun. Sha huɗu ga watan Maris, shekara biyu da suka wuce.

Ta san ranar. Ranar ce Aminat ta zo gidansu da soyayyar kaza a kula, ta ce mata ta daina tallan sitatus kamar 'yar ƙauye, za ta buɗe mata shafin shago na gaske wanda har 'yan Abuja za su riƙa yin oda. Ta karɓi katin ɗan ƙasanta da takardar kuɗin wuta da wayarta. Ta ɗaga wata waya saitin fuskarta ta ce ta kalli nan, ta ƙifta ido, ta juya kai hagu. Sailuba ta yi ta ƙiftawa ba ƙaƙƙautawa, suka yi ta dariya har da hawaye. Shafin shagon bai taɓa fitowa ba, duk sanda ta tambaya sai Aminat ta ce matsalar netiwok ce, daga baya ita ma ta manta.

Ba ta yi kuka ba. Ta buɗe shafin ƙarshe, don kawai ta ga inda abin ya tsaya. A layin ƙarshe ta ga kwanan watan yau, ƙarfe tara da minti sha biyu na safe. Miliyan arba'in da biyu sun shigo, kuma ba a kwashe su ba tukuna.

Ta sake duban layin. Sannan ta miƙe ta koma gaban yarinyar.

"Wannan asusun na waye?"

"Naki ne mana, Hajiya. Ga hotonki, ga BVN ɗinki."

"Akwai wanda ke da iko da shi bayan ni?"

"A wurinmu dai babu."

"To a cire lambar wayar da ke kai a sa tawa. Kuma kada sisi ya fita sai na zo da ƙafata."

Aka kai ta wurin manaja. Ta faɗa masa gaskiyar abin da ya faru, ya sa ta rubuta, aka ɗauki hoton yatsanta aka sake ɗaukar fuskarta, aka rufe hanyar da waccan wayar ke shiga asusun. Manajan ya tambaye ta ko za ta kai maganar wurin 'yan sanda yau, ta ce tukuna, akwai wanda take so ya fara kawo kansa. Sai bayan azahar ta fito.

Sewuese ta taso da sauri. Da ta ji labarin sai ta riƙe baki ta yi dariya har ta durƙusa, tana cewa da ma ta san shirun Sailuba ba na banza ba ne. Can kuma dariyar ta tsaya. Sewuese 'yar Agyaragu ce, kuma mahaifinta, Baba Torkuma, yana cikin manoman da suka ba Alhaji Mu'awiya ridinsu a kan in Kano ta biya zai biya su. Buhu goma sha takwas ya bayar, noman shekararsa ke nan kaf. Alhajin ya ce musu su zo sito ranar Talata mai zuwa su karɓa.

"Abeg, Sailuba, kar ki manta akwai gumin talakawa a cikin kuɗin nan."

"Ko kwabo ba zan ci ba. Babanki zai karɓi nasa cif. Amma sai Alhaji ya fara tsugunawa."

Sewuese ta dubi fuskarta, ta tsayar musu da keke. Suna cikin keke wayar Sailuba ta fara ruri. Alhaji Mu'awiya ne, mutumin da shekara tara da auren yayarta bai taɓa kiran lambarta ba. Kafin la'asar ya kira sau ashirin da uku. Ta ajiye wayar a kan tabarma tana kallonta tana ruri, ta ci tuwonta ta side hannu.

*

Ranar Juma'a ana sakkowa daga masallaci motarsa ta tsaya a ƙofar gidansu a Tudun Gwandara. Da ma in ya kawo Aminat a mota yake zama, sai dai ya aiko da gaisuwa. Yau shi ne a gaba, babbar riga na jan ƙasa, Aminat na biye da shi kanta a sunkuye.

Inna, mahaifiyarsu, tana tsakar gida tana ɓarar agushi. Ta yi murna da ganin surukinta, ta sa aka shimfiɗa masa sabuwar tabarma. Sailuba kuwa tana bakin ƙofar ɗakinta tana duba littattafan ɗalibai da jan biro. Ta gaishe shi kamar yadda ta saba, ta ci gaba da aikinta.

Da lallashi ya fara. Ya kira ta ƙanwata, ya ce ɗan kuskure ne aka samu, tsarin kasuwa ne wanda mata ba za su gane ba. Ya ce sunanta ya ara saboda ya san tana da albarka, kuma da ma yana da niyyar sai mata mota in kaka ta wuce. Inna ta ajiye farantin agushi tana raba ido, sai a lokacin ta fahimci takardar da ta hana 'yarta cin abinci daga gidan surukinta ta fito.

Sailuba ta bar shi ya gama. Ta rufe littafin da ke cinyarta.

"Alhaji, bara nawa ka biya haraji?"

Ya ce wannan ba huruminta ba ne. Ta ce ta ji an ce a takarda shi ɗan ƙaramin manomi ne mai gona ɗaya a hanyar Doma. Ya ce kowa haka yake yi, wa zai ɗauki guminsa ya miƙa a cinye. Ta ce ita dai kowane wata kafin ta ga albashinta an cire nata, ashe har da nasa ake so ta biya.

Sai ya sauya hanya. Ya ce zai ba ta miliyan biyu yau ɗin nan, su je bankin kafin a tashi ta saki kuɗin, takardar haraji kuma ta bar masa, ya san yadda zai yi da ita. Da ta yi shiru ya ce uku. Da ta ɗauki wani littafin ta buɗe ya ce biyar, gumi na bin gefen hularsa.

"To me kike so?"

"Litinin ƙarfe tara ka same ni a ofishin haraji. Ka rubuta da hannunka cewa kuɗin nan naka ne, ridin naka ne, ban san da asusun ba. Daga can mu wuce makarantarmu, ka shiga ɗakin malamai ka maimaita a gaban hedimasta. A can aka miƙa mini takardar, a can za ka karɓe ta. In ka yi haka, a kira manoma a biya kowa nasa a gabana."

"Ni? In tsaya a gaban malaman firamare?"

"Ni ma a gabansu na tsaya."

Inna ta sa baki. Ta ce don Allah a rufa wa juna asiri, magana ce ta cikin gida, a kira kawunsu na Shabu a zauna a sasanta. Ta ce Alhaji mutumin kirki ne, shi ya biya kuɗin aikin idonta, ko shinkafar azumin bana shi ya aiko. Ta roƙi Sailuba ta dubi 'ya'yan yayarta huɗu. Sailuba ta saurari uwarta har ƙarshe, idonta ya kaɗa, amma ba ta ce to ba.

Ta juya wurin Aminat, wadda tun shigowarsu take tsaye jikin bango tana murza bakin mayafi.

"Yaya, ba ki ce komai ba."

Aminat ta fashe da kuka. Ta ce wallahi cewa Alhaji ya yi sau ɗaya ne, kuɗin tirela ɗaya za a turo saboda asusunsa ya samu matsala, daga nan a rufe. Ta ce da ta ga abin ya zarce ta yi masa magana ya ce ba ruwanta. Kullum tana so ta faɗa, kunya da tsoro suka hana ta. Ranar da ta ji an kai takarda makaranta ba ta iya haɗiyar ruwa ba.

"Amma kin iya zuwa kin ce min in yi ta addu'a, maƙiya ne," in ji Sailuba. "Nan kika zauna, a tabarmar nan, kina tofa min a ruwa. Abin da ya fi ci mini rai ba kuɗin ba ne, Yaya. Dariyar da muka yi ranar ce. Ni ina dariya don ina jin daɗi yayata na sona. Ke me kike wa dariya?"

Aminat ta zame jikin bango ta zauna a ƙasa.

Alhaji Mu'awiya ya miƙe ya kaɗe rigarsa. Lallashin ya bar fuskarsa gaba ɗaya, muryarsa ta yi ƙasa, kamar yana ciniki a sito.

"To bari in gaya miki abin da ba ki sani ba, malama. Layin da aka buɗe asusun da shi, da sunan yayarki aka yi masa rajista. Wayar da ake tura kuɗin da ita a ɗakinta take kwana. In kuɗi sun fita, asusunta suke fara shiga kafin a ciro su a hannu. Ki duba takardun bankin kaf, in kin ga Mu'awiya a layi ɗaya ki zo ki tofa min yawu. Ki kai takardarki. Wadda kuka sha nono ɗaya za ki ɗaure."



Aminat ta ɗago kai a hankali. Kukan ya tsaya.

"Alhaji, ce min ka yi katinka ne ya ƙi hawa, in yi maka rajistar layin. Ce min ka yi kuɗin cefane da na makarantar yara ne ke bi ta asusuna."

Ko kallonta bai yi ba.

"Duk wanda ya sa hannu ya san abin da ya sa wa hannu."

Sailuba ta ji maganar har cikin ƙashinta. Tun jiya take shirya yadda za ta kayar da shi, ba ta taɓa kawo cewa ya riga ya ajiye matarsa a bakin ramin ba. Ta dubi yayarta a ƙasa, wadda ta goye ta, wadda ta sai mata kwarashinta na farko. Ta dubi Inna. Shi kuwa yana tsaye yana jira, ya tabbata ya gama da ita.

Ta ɗauki jan bironta ta rufe shi da murfi.

"Litinin ƙarfe tara ina can. Wanda sunansa ya fito, ya fito."

"Sailuba, 'yar'uwarki ce fa," in ji Inna.

"Ni ma 'yar'uwarta ce ranar da ta riƙe min waya a fuska."

Alhaji ya fice ba sallama. Aka ji ya tada mota yana ta danna hon. Aminat ta daɗe a zaune, sai a hon na huɗu ta miƙe, ta gyara mayafi ta bi bayansa.

*

Asabar da Lahadi gidan bai huta ba. Kawunsu ya zo daga Shabu a kan babur, gwaggonni biyu suka zo daga Kwandare. Aka yi mata nasiha, aka yi mata faɗa, wata ta ce boko ne ya bushe mata zuciya, wata ta ce shi ya sa har yanzu ba ta yi aure ba. Ba wanda ya tambaye ta yadda za ta yi da harajin miliyan ɗari uku in ta yi shiru. Inna ta daina amsa gaisuwarta, in ta kawo mata abinci sai ta juya kai.

Ita kuwa ta kulle kanta a ɗaki ta yi aiki biyu. Ta bi tsofaffin saƙonnin masu sayen jaka ɗaya bayan ɗaya, ta rubuta duk abin da ta sayar a shekara biyun, jaka tamanin da bakwai, da kuɗin zarensu da na keke, don ta ƙudurta ba za ta shiga ofishin nan da ko ɗigon laifi a jikinta ba. In akwai abin da ya hau kanta a nan, za ta biya da hannunta. Sannan ta rubuta ƙorafinta, shafi uku. Da ta zo inda za ta faɗi wanda ya ɗauki hoton fuskarta, biron ya tsaya. Ta tashi ta yi sallar la'asar, ta dawo ta rubuta Aminat Mu'awiya, harafi bayan harafi.

Litinin tara saura kwata ta sauka daga okada a ƙofar ofishin. Babu motar Alhaji, da ma ba ta sa ran gani ba. Ta hau bene ta ƙwanƙwasa ƙofar Mista Iorchia ta tura.

Aminat ce zaune a gaban teburin. Idanunta sun kumbura, babu ɗan kunne babu zobe, a gefen ƙafarta ga jakar bakko a cike.

"Madam, ka shigo," in ji Mista Iorchia. "Yayanka ya riga ka. Tun bakwai da rabi yana nan."

Sailuba ba ta gaishe ta ba. Ta ajiye takardunta a gaban jami'in, ta ja baya ta tsaya. Ya nuna mata kujera ta ce ta gode, a tsaye za ta yi.

Aminat ta yi magana ba tare da ta juyo ba. Ta ce ranar Asabar da Alhaji ya tafi Agyaragu lallashin manoma, ta sa kafinta ya ɓalle mata akwatin ƙarfen da ke ɗakinsa. Ta kai yaran gidan ƙawarta, ita ma a can ta kwana biyu. Ta buɗe jakar ta fara fito da littattafan sito, manya masu baƙin bango, kowane shafi da rubutun hannunsa, kowace tirela da ranarta da sunan wanda aka karɓi kuɗin da shi. Mista Iorchia yana karɓa yana jerawa, ya daina ko tari.

"Ba don ki yafe min na zo ba," in ji Aminat. "Na san abin da kika rubuta a kaina, kuma gaskiya ne. Zan sa hannu."

"Ki sa."

Daga ƙasan jakar ta fara fito da wayoyi. Ƙanana ne masu araha, kowacce an manna mata farar takarda a baya da suna. Ta jera su a kan teburin har bakwai. Ta ce ita ɗaya ta sani, ta Sailuba, wadda ke ɗakinta. Sauran shidan sai da akwatin ya buɗe ta gan su. Akwai sunan direbansa, akwai na mai gadin sito, akwai na wata bazawara da ke yi musu shara.

Ta ɗauki wadda ta fi tsufa, mai fasasshen gilashi, ta tura ta bakin teburin saitin Sailuba.

"Wannan ce ta farko. Shekara biyar. Kin tuna da ya ɗauki Inna a mota ya ce zai kai ta rajistar tallafin tsofaffi?"

Sailuba ta juya wayar. Rubutun Alhaji ne, da shuɗin biro: Asabe Ya'akubu. Innarsu, wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa, sai dai ta dangwala yatsa.

Mista Iorchia ya karanta sunan. Ya janyo tiren takardun da ke jiran masinja, ya bi su ɗaya-ɗaya, ya zaro wata ambulan ya ajiye kusa da wayar. Suna ɗaya ne a jiki, adireshin Tudun Gwandara.

"Wannan gobe za a kai," ya ce. "Na wannan sunan ya fi naka yawa, Madam."

Sailuba ta dubi ambulan ɗin. Sannan ta janyo kujerar da ta ƙi zama a kai, ta zauna, ta miƙa wa jami'in hannu.

"Ba ni takardata, Yallaɓai. Abin da na rubuta ya yi wa Alhaji kaɗan."